Bel ɗin da Na Rataye a Katanga

Shi ne ya ɗauki bel ɗin nan da na rataye a kan katanga, ko kuwa wani mai wucewa ne ya janye shi ta waje? Yau shekara uku da rasuwar maigidana, kuma ba ranar da za ta fito ta faɗi ban yi wa kaina wannan tambaya ba. Na tambayi duk wanda zan iya tambaya. Ba wanda ya sani.

Ni ban iya rubutu ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya zo mini ta ajiye biro ta jira ni.

Malam direban tirela ne, ya fi shekara talatin yana tuƙi. Ba irin mai bangon nan ba da ake zuba kaya a ciki a rufe ƙofa. Tasa falat ce, haka direbobi ke kiranta: bayanta a shimfiɗe kamar gado, ba bango ba rufi. Duk abin da ka ɗora a kai, ba abin da ke riƙe da shi sai ɗaurin da ka yi masa. Ya ɗauki siminti, ya ɗauki rodi, ya ɗauki katako da taki da manyan injuna. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce, amma kayan ɗauri nasa ne na kansa, don ya ce ba zai jingina ransa ga igiyar da bai san tarihinta ba.

Gidanmu yana cikin wani lungu a Gyaɗi-Gyaɗi, lungun da adaidaita sahu ma sai ya yi dabara yake shiga. Motar ba ta taɓa zuwa ƙofar gida ba. A wani gareji yake ajiye ta a hanyar Maiduguri, gaba da Daurawa. Duk zamanmu ban gan ta da idona ya fi sau biyar ba. Abin da ke zuwa gida shi ne buhun bel. Bel ɗin nan igiya ce mai faɗi, kamar tafin hannuna, an saƙa ta da zaren roba mai ƙarfi, da ƙugiya a baki, da wani ƙarfe mai haƙora da ake lanƙwasawa ana matse ta da shi. Sarƙoƙi suna kwana a mota don nauyinsu, amma bel yakan kwaso su ya kawo gida, don rana da ruwa suna cin su, masu ɗan hali kuma suna son su.

Aikin nasa a bakin tabarma na koye shi, ba don na nema ba. Mutum ne da in ya dawo daga tafiya sai ya ba ka labarin kayan da ya ɗauka kafin ya ba ka labarin garin da ya je. Wata rana muna shan rake sai ya jera gutsattsarin a kan faranti, uku a ƙasa, biyu a sama, ya ce in karkata farantin. Na karkata, suka gangaro kan zanena.

Ya ce, "To kin kashe mutum huɗu da akuya."

Na ce, "Akuyar wa?"

"Ta mai gari. Yanzu sai ki yi bayani."

Ya sake jera su, ya sa ɓawon rake a gefe da gefe ya tokare na ƙasa, ya ce wannan shi ne weji, katakon da ake tokare kaya masu gangarawa da shi. Ya gitta tsinke tsakanin na ƙasa da na sama. Na karkata, ba su motsa ba. Daga nan na san mai nauyi a kan tayoyi ake ɗora shi, ba can ƙarshen wutsiya ba. Na san rodi da inji sarƙa suke so, buhu kuma bel. Na san in kaya na da kaifin gefe sai an sa guntun tsohuwar taya a wurin, in ba haka ba gefen zai yanka bel ɗin kafin a kai Zariya. In rodi ya fi motar tsawo sai a ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa, kuma ƙyallayen nan duk daga tsofaffin zannuwana suka fito. In ya gama matsewa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buga kowanne da tafin hannu. Wanda ya matsu yana da amo. Wanda ya yi shiru, da sauransa.

Abin da ya fi nanatawa shi ne kaya sai sun zauna. Ya ce duk yadda ka matse a wurin lodi, da mota ta fara tafiya ta shiga ramuka, kayan za su girgiza su sami wurin zama, ɗaurin ya saki. Don haka ba ya yin nisa sai ya tsaya ya sake ja. In arewa maso gabas ya nufa, da ya haye gadar Wudil yake tsayawa. In kudu ne, kafin Kwanar Dangora. Ko ana ruwa, ko mai kaya na ta kiransa a waya, sai ya tsaya. In ya gama ya wanke hannu, sai ya kira ni ya ce, "Sun zauna." Ni kuma in ce Allah ya tsare. Ba mu fi haka a waya.

Yadda duba bel ya dawo hannuna kuwa, tsufa ne ya kawo. Idonsa na ganin nesa sarai, tun daga nan zai gaya maka lambar motar da ke can gaba. Amma na kusa ya fara yi masa hazo. Ga tafin hannunsa ya yi kanta, ko ƙaya ce ta soke shi sai ya gani yake sani. Wata rana na ɗauko wani bel zan shanya, sai na ji wani wuri a tsakiya ya yi laushi a yatsana, zaren ciki ya tsinke amma na waje yana nan lafiya. Na nuna masa. Ya murza, ya kai kusa da ido, ya kai nesa, bai ga komai ba. Ya tafi da shi gareji suka ɗaura a jikin wani tsohon inji suka matse. Daidai wurin ya tsinke.

Da ya dawo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙame kamar ɗan sanda, ya ce, "Ranki ya daɗe, Sifeto."

Na ce, "Kai dai shigo ka ci tuwo."

"Ai ba a shiga sai an nuna takardu."

Tun daga ranar duk bel sai ya bi ta hannuna. In ya dawo sai in juye buhun a tsakar gida, in wanke su da ruwa zalla ba omo, in shanya a inuwa. In sun bushe in zauna a kan kujera 'yar tsuguno in ja kowanne tsakanin yatsuna daga ƙugiya har ƙarshe, idona a rufe, don yatsa ya fi ji in ido ba ya taya shi. Akwai 'yar takarda da ake ɗinkawa a jikin kowanne, wai an rubuta nauyin da zai iya ɗauka. Ni ban san abin da ta ce ba. Na dai san wurin da ya yi gashi, da wurin da ya yi tauri don ruwan batir ya taɓa shi, da ɗinkin bakin ƙugiya in ya fara buɗewa. Wanda na yarda da shi in naɗe in sa a buhu. Wanda ban yarda da shi ba, nan take nake sa wuƙa in raba shi biyu, don kada wani ya yi kuskure. Guntayen ba a zubarwa. Igiyar shanyarmu bel ce, igiyar gugan rijiyar maƙwabta ma bel ce.

Wadda ta fi kowa kwasar guntayen ita ce maƙwabciyata, Maman Tagwaye. Kirista ce daga Kudu, tela, shagonta na jingine da katangarmu, kuma ta fi shekara ashirin a lungun nan. Da su take yi wa jakunkunan makaranta hannu. In ta ji ƙarar ƙugiya a tsakar gida sai ta leƙo ta ce, "Mama, yau wa ya faɗi jarrabawa?"

In ce, "Yau duk sun ci."

Ta ce, "Haba, duba da kyau. Ina da jaka shida ba hannu."

Malam in yana nan sai ya ce, "Ke kam addu'arki kullum kayana su lalace." Ta ce ai Oga Direba, ita ma mota take ɗaurewa, sai dai tata a bayan yara take tafiya.

Shekara tara muna haka, ba bel ɗin da ya taɓa tsinke masa a hanya.

Ranar wata Talata, bayan la'asar, ina dubawa sai na zo kan wani sabo-sabo, bai fi tafiya uku da saye ba. Ruwan goro ne kamar sauran. Kusa da tsakiyarsa na ji wani wuri kamar faɗin yatsa biyu ya ɗan yi tauri. Ba sosai ba. Na wuce shi, na dawo, na sake wucewa. Wani ja in ji shi, wani ja in rasa shi. Na shinshina, ban ji warin batir ba. Na ɗauko wuƙa har na ɗora, sai na ga sabuntarsa, na tuna yadda ya zo da shi yana murna. Sai na ce bari in nuna masa tukuna, a gwada a gareji kamar wancan. Ban sa shi a buhu ba, ban kuma yanka ba. Na rataye shi a kan katanga, rabi ciki rabi ta lungu, don ya fita daban. A buhu na sa goma.

Abin da ban taɓa yi ba ke nan. A wurina bel ko buhu ko wuƙa, babu na uku. Ranar na yi na uku.

Ya dawo daga masallaci bayan magariba a gajiye, yana cewa gobe bututun ruwa zai ɗauka zuwa wajen Azare, manyan bututun ƙarfe masu fenti. Ya ce mai kayan ya hana a sa sarƙa don kada ta kankare fentin, sai bel, kuma lodin zai ci goma sha biyu. Na ji wannan da kunnena. Na ce a raina da safe in gari ya waye zan nuna masa, yanzu ko na nuna ba gani zai yi ba.

Da safe gas ɗinmu ya ƙare, sai na ɗauki kwano na fita bakin titi sayo masa koko da ƙosai. Na tarar da layi. Da na dawo har mai adaidaita ya iso bakin lungu yana ta hon, Malam ya ɗaure bakin buhu ya saɓa a kafaɗa. A tsaye ya kurɓi kokon, ya ƙunshe ƙosan a takarda, ya ce mai gishiri ko marar gishiri, na ce ci ka ji. Ya tafi. Bel bai zo mini a rai ba ko kaɗan.

Sai da hantsi na fito da wanki, na ɗaga kai, na ga katanga ba komai.

Na leƙa lungu, ba ya ƙasa. Na shiga shagon Maman Tagwaye na ce ko ita ta ɗauka. Ta ce ita ba ta taɓa ɗaukar wanda ba a yanka ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ta ce amma ta ji masu jari-bola sun wuce da kurarsu da sassafe, su kuwa ba abin da suke bari in da ƙarfe a jikinsa. Hankalina ya ɗan kwanta, bai kwanta duka ba. 'Yata ta saita mini waya, in na danne lamba biyu sai ta kira shi. Na danna. Ta yi ta ringin bai ɗauka ba. Na san a wurin lodi ba ya jin waya, ga ƙugin injin ɗaga kaya ga ihun mutane. Na sake kira da azahar, ba a ɗauka ba, in yana tuƙi kuwa ba ya taɓa ta. Sai na ce ba komai, zai kira daga Wudil in gaya masa.

Ban tuna ba cewa sai ya gama ja yake kira.

Wayar ta yi ƙara ana kiran la'asar. Lambarsa ce amma muryar ba tasa ba, ta abokin tafiyarsa ce, wani dattijo mutumin Babban Giji da suka shekara goma sha biyar suna hawa mota ɗaya. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ki zo babban asibiti. Yana da rai." Maman Tagwaye ta rufe shagonta ta riƙe ni har bakin titi.

Abin da ya faru, kamar yadda dattijon ya gaya mini, shi ne sun haye gada sun tsaya inda suka saba. Malam ya bi ɗaurin yana bugawa, ya sami na tsakiya sun saki, ya fara matsewa. Ya matse ɗaya, ya matse na biyu. Yana kan na uku sai bel ɗin ya tsinke da ƙara kamar bindiga. Bututun sama guda ya motsa, ya tura weji, ya gangaro ta gefen da yake tsaye. Ya yi tsalle baya amma bai tsira ba, ya same shi daga ƙugu zuwa ƙasa.

Kwana huɗu ya yi a asibiti. A kwana na biyu na sami dattijon a baranda yana jan carbi, na zauna nesa kaɗan na ce, "Bel nawa kuka ɗaure kayan nan da su?"

Ya ce, "Sha biyu."

"Nawa ya zo da su daga gida?"

"Wallahi Hajiya ban ƙirga ba. Na dai san bai isa ba, mun ara a gareji."

"Ɗaya kuka ara ko biyu?"

Ya ce shi yana kan mota yana jera katako lokacin da Malam ya je aron, ya dai ga ya dawo da abu a hannu.

Na ce, "Wanda ya tsinke fa, sabo ne ko tsoho?"

Ya ce, "Duk ruwan goro ne, duk sun sha ƙasa. Ni ta kansa na yi, ban kalli igiya ba." Sai ya dube ni ya ce, "Me ya sa kike tambaya?" Na ce ba komai.

Daga baya, bayan na fita takaba, na sa mijin 'yata ya kai ni garejin. Wanda aka ce ya ba da aron ya koma Legas da aiki, da aka same shi a waya ya ce shi kullum ana aro a wurinsa, ba zai iya tuna na ranar ba. Direban da Alhaji ya tura ya ƙarasa da kayan ya ce guntayen a bakin hanya ya bar su. Buhun ya dawo mini da bel tara. Na zauna na ja su ɗaya bayan ɗaya, ina neman wurin nan mai tauri, ina roƙon Allah in same shi, don in yana cikinsu to ba shi ya tsinke ba. Ban same shi ba. Hakan kuma bai gaya mini komai ba, don tara ba goma ba ce, ba kuma sha ɗaya ba.

Na san kwana ne ya ƙare. Malamai sun gaya mini, 'yata ta gaya mini, ni ma na yi imani da haka. Ba ja nake da hukuncin Allah ba. Amma wuƙar tana hannuna, har na ɗora ta. Wannan nake kuka a kai, kuma ba na jin kunyar a rubuta cewa ina kuka.

Shi kaɗai ne ya san amsar, kuma na tambaye shi. Kwana ukun farko a asibiti bai san wanda ke kansa ba. A na huɗu, da hantsi, ya buɗe ido ya gane ni. Wata ma'aikaciyar jinya mai kirki, 'yar unguwarmu ce ma, ta gyara masa robar ruwa ta ja labule ta ba mu wuri. Ya nemi ruwa, na jiƙa auduga na shafa masa a leɓe. Ya tambaya ko kayan sun isa, na ce sun isa. Ya tambaya ko bututun ya taɓa wani, na ce ba wanda ya taɓa sai shi. Ya ce alhamdu lillahi.

Na riƙe ƙarfen gadon na ce, "Malam, akwai bel ɗin da na rataye a katanga ranar Talata. Ban yarda da shi ba, ban kuma yanka ba. Na so in gaya maka na manta. Ka ɗauka?"

Ya daɗe yana kallona. Ban sani ba ko tunowa yake yi, ko ya tuna yana auna abin da zai ce. Na san fuskar mutumin nan shekara arba'in da ɗaya, amma ranar ban iya karanta ta ba. Na sake cewa, "Don Allah ka gaya mini. Ko me ne ne zan iya ɗauka."

Ya motsa yatsunsa a kan zanen gado har suka taɓa nawa. Bayan abin da ya faɗa mini a lokacin bai ƙara magana da ni ba, sai kalmar shahada da mijin 'yata ya laƙƙana masa da azahar. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na sunkuya na kai kunnena.

Ya ce, "Ni na ɗaure kayan nan, ba ke ba. Share fuskarki, yarinyar asibitin nan za ta shigo ta ce na yi miki faɗa."